MAI BI DA BUKUKUWAN TSAFI

Karatunmu na wannan darasi yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 8 duka, da sura 10 duka. Kowa ya karanta su a gida tukuna, sa'an nan a sake karanta su da murya a wurin taro. Ayar haddacewa ita ce 1 Korintiyawa 10:31.

Abin da ya kawo wannan darasi

Kaka ta yi, an sare dawa, rumbuna sun cika. Da dare ana jin kiɗa ko'ina, mata suna jiƙa hatsi, 'yan'uwa masu aiki a birni suna ta komowa gida. Lokacin murna ne. Amma ga masu bi da yawa lokacin nauyin zuciya ne kuma, gama bukukuwan kakanni sun matso.

A ce ga wani saurayi da ya karɓi baftisma bara. Ubansa shi ne babban gida, shi ne kuma mai riƙe da tsafin gidan. Da maraice uban ya kira shi ya ce, "Ɗana, biki ya kusa. Kowane namiji a gidan nan zai kawo zakara da mudun hatsi kamar yadda muka saba. Kai ne ɗan fari, kai za ka riƙe mini ƙwarya sa'ad da zan zuba wa kakanni." Me saurayin nan zai ce? Idan ya ƙi, za a ce ya yar da ubansa, in kuwa wani yaro ya kwanta ciwo a gidan cikin shekarar, a kansa za a ɗora. Idan ya yarda, da wace fuska zai miƙa hannu ga Jibin Ubangiji ran Lahadi?

Amsa biyu ne su ke saurin fitowa daga bakinmu. Waɗansu su kan ce, al'ada ce kawai, ya je ya yi, Allah ya san zuciyarsa. Waɗansu kuwa su kan ce, ya kulle ɗakinsa kwana bakwai, kada ya ko gai da su. Manzo Bulus bai bi ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Bari mu ga abin da Littafi Mai Tsarki ya koya.

1. Allah ba ya ƙin biki

Mu fara da wannan, domin kada wani ya zaci bin Yesu zaman makoki ne. Allah da kansa ya sa wa Isra'ila idi uku a shekara (Fitowa 23:14-17, Kubawar Shari'a 16). Na fari Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitowarsu daga Masar. Na biyu Idin Makonni, a lokacin girbin alkama. Na uku Idin Bukkoki, kwana bakwai, bayan an tattara amfanin gona duka. Na biyu da na uku bukukuwan manoma ne, irin waɗanda muka sani. An umurce su su yi farin ciki, su da 'ya'yansu da barorinsu, har da baƙo da maraya da gwauruwa.

Ubangijinmu Yesu ya je bikin aure a Kana. Yohanna 10:22-23 kuma ya nuna mana shi yana cikin haikali a lokacin Idin Tsarkakewa, idin da ba ya cikin Attaura ta Musa. Yahudawa ne suka kafa shi a shekara ta 164 kafin haihuwar Kristi, sa'ad da suka tsarkake haikali bayan sarki Antiyokus na Suriya ya ƙazantar da shi da hadayar gumaka.

Domin wannan mun gane taruwar dangi, da ci da sha, da murna bisa amfanin gona, ba zunubi ba ne. Tambayar da Littafi ya ke yi wa kowane biki ita ce, wa a ke gode wa, wa kuma a ke roƙo?

2. Sunan Ubangiji a baki, ɗan maraƙi a tsakiya

Cikin Fitowa 32 Musa ya daɗe a kan dutse, jama'a suka ƙosa, Haruna ya zuba musu ɗan maraƙi na zinariya. Mu lura da aya ta 5. Haruna bai yi shelar idin ɗan maraƙi ba. Da sunan Ubangiji ya yi shelar, amma bagadin yana gaban maraƙin. Kashegari suka yi hadaya, suka ci suka sha, suka tashi wasa. Mutum wajen 3,000 suka mutu a ranar. Ashe sa wa biki suna mai kyau ba ya wanke abin da ke tsakiyarsa.

Cikin Littafin Lissafi 25 kuma, a Feyor, matan Mowab suka gayyaci Isra'ilawa zuwa hadayun allolinsu. Mutanen suka je, suka ci, suka yi sujada. Da ƙafa aka fara, aka bi da baki, aka ƙare da gwiwa. Annoba ta kashe 24,000.

Daga baya sarki Yerobowam ya ji tsoro kada jama'arsa su riƙa zuwa Urushalima zuciyarsu ta koma ga gidan Dawuda. Sai ya kafa 'yan maruƙa biyu, ɗaya a Baitil ɗaya a Dan, ya kuma ƙaga idi ran 15 ga wata na takwas, mai kama da idin da a ke yi a Yahuza (1 Sarakuna 12:26-33). Yerobowam ya san abin da mu kan manta, watau biki yana ɗaure zuciyar jama'a fiye da doka. Inda mutum ya saba rawa, can zuciyarsa ta kan kwana.

Bulus ya tuna wa Korintiyawa waɗannan al'amura na jeji. Ya ce mutanen nan duka sun ratsa teku, duka sun ci abincin da Allah ya saukar, duk da haka yawancinsu suka faɗi a hanya. Watau baftisma da Jibin Ubangiji ba laya ba ne da mutum zai rataya ya shiga ko'ina ya ce babu abin da zai same shi.

3. Yadda Korinti ta ke

Korinti babban birnin ciniki ne a ƙasar Girka. Bulus ya zauna can shekara ɗaya da wata shida, a zamanin da Galiyo ke mulkin lardin, wajen shekara ta 51 (Ayyukan Manzanni 18). Birnin cike ya ke da haikalan gumaka. Kowace shekara biyu a kan yi manyan wasanni kusa da birnin domin girmama Fosaidon, wanda su ke ce da shi allahn teku. Idan an yanka dabba a haikali, a kan ƙone kaɗan a bisa bagadi, firistoci su ɗauki rabonsu, mai hadaya ya ci da baƙinsa, saura kuwa ya tafi kasuwa. Masu haƙar kufai sun tono ɗakunan cin abinci a jikin haikalin Askilifiyos, gunkin da Korintiyawa ke neman warkarwa a wurinsa. A Masar kuma an sami tsofaffin takardun gayyata, inda mutum ke kiran abokinsa ya zo cin abinci a shimfiɗar gunki Sarafis.

Saboda haka mai bi a Korinti yana cikin irin matsin da mu ke ciki. Bukukuwan dangi, da godiyar wanda ya warke, da taron abokan sana'a, sau da yawa a haikali a ke yinsu. Wanda ya daina zuwa ya rabu da abokan ciniki, ya ɓata da dangi.

Waɗansu cikin ekklesiya suka ce, mun sani gunki ba kome ba ne, Allah ɗaya ne, me zai hana mu zuwa? Bulus ya yarda da rabin maganarsu. Gaskiya ne, itace itace ne, dutse dutse ne, nama kuma nama ne. Amma cikin sura 10:19-21 ya ce hadayar da ba a miƙa wa Allah ba tana da masu karɓa, su ne aljanu, mai ci a wurin kuwa ya shiga tarayya da su. Wannan magana ba ta da wuya a gare mu. Mun sani mutanen da suka sa hannu cikin akushi ɗaya sun zama ɗaya, shi ya sa ba a cin amanar wanda aka ci tuwo da shi. Mu da mu ke cin gurasa ɗaya, mu ke sha daga ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji, mun riga mun sa hannu cikin akushin Kristi. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

4. Nama ɗaya, wuri uku

Ga hikimar da Ruhu Mai Tsarki ya ba manzon. Ya ɗauki nama iri ɗaya, ya duba shi a wuri uku.

Na fari, a kasuwa (10:25-26). Mai bi ya sayi abin da mahauta ke sayarwa, ya ci, ba sai ya yi ta bincike ba, gama duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Babu aljanin da ke maƙale a cikin tsoka.

Na biyu, a gidan wanda ba mai bi ba (10:27-30). Idan an gayyace mu, muna kuwa son zuwa, mu je, mu ci abin da aka sa a gabanmu da godiya. Bulus bai ce mu yanke zumunta da danginmu ba. Amma idan wani ya ce mana wannan naman hadaya ne, sai mu janye hannu, saboda wanda ya faɗa. Da ya faɗi haka, cin ya zama shaida, yana kuwa jira ya ga ko za mu amsa wa tsafin.

Na uku, a haikalin gunki, lokacin hadaya (8:10; 10:14-22). Nan babu shawara. Umurnin shi ne mu gudu.

Akwai kuma ɗan'uwa rarrauna, wanda bai daɗe da fitowa daga tsafi ba. Mai ilimi yana iya zama a wurin biki zuciyarsa ba ta motsa ba. Amma sabon mai bi ya hango shi, ya yi ƙarfin hali ya bi sawunsa, da ya ji kiɗan da ya sani tun yana yaro, tsohon tsoro ya komo masa, ya fāɗi. Bulus ya ce wanda ya jawo wannan ya yi wa Kristi zunubi, shi kuwa gwamma ya bar nama har abada da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe.

Manzanni da dattawa da suka taru a Urushalima ba su ɗora wa al'ummai kaciya ba, amma sun ce su guji abin da aka yanka wa gumaka (Ayyukan Manzanni 15). Ubangiji kuma ya tsauta wa ekklesiyoyin Birgamus da Tayatira saboda sun ƙyale masu koya wa mutane cin wannan abinci (Ru'ya ta Yohanna 2:14, 20).

5. Waɗanda suka riga mu

Masu bi na fari sun biya tamanin wannan koyarwa da jininsu. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya a ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu, ya rubuta wa Kaisar Tarajan cewa masu bi sun yi yawa har haikalai sun kusa zama kango, naman hadaya kuma ya rasa masu saye. Gwajin da ya ke yi wa wanda aka kawo ƙararsa shi ne ya miƙa turare da ruwan inabi a gaban siffar Kaisar, ya zagi Kristi. Ya ce an gaya masa mai bi na gaske ba ya yarda da wannan.

A shekara ta 203, a birnin Kartaj cikin ƙasar Tunisiya ta yau, aka kama wata mace mai suna Farfetuwa, shekarunta wajen 22, tana da jariri a hannu. Ubanta tsoho, wanda ba mai bi ba ne, ya yi ta zuwa yana roƙonta da hawaye ta ji tausayin furfurarsa ta yi hadaya. Ta ji zafin wannan ƙwarai, gama tana ƙaunarsa, amma ba ta yarda ba. A ranar bikin haihuwar ɗan Kaisar aka kai ta filin wasa tare da 'yan'uwanta masu bi. Aka so a sa wa mazan tufafin firistocin Saturnus, matan kuwa na masu hidimar Keres. Ta ƙi, har shugaban sojan ya janye. Suka shiga wurin namomin jeji da tufafinsu na kullum.

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya a gaban wakilan hukuma, ya ɗanɗana naman, a ba shi takardar shaida. An sami fiye da 40 na takardun nan a Masar. Masu bi da yawa suka tsaya, waɗansu suka fāɗi, waɗansu kuma suka sayi takardar da kuɗi ba tare da sun yi hadaya ba. Ekklesiya ta lissafta wannan dabara cikin fāɗuwa, ko da ya ke ta buɗe ƙofar tuba ga masu komowa. Mu riƙe wannan, mu da mu kan ce, ban je ba, kuɗin zakara kaɗai na aika.

6. Kirsimati fa?

Wani zai ce, ai an gaya mana Kirsimati ma daga bukukuwan Romawa ta fito. Ga abin da aka sani. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuma umurce mu mu yi idin haihuwarsa ba. Shaidar fari ta kiyaye 25 ga Disamba tana cikin wani littafin kwanaki na Roma na shekara ta 354, wanda ya nuna ana yin haka tun 336. Littafin nan ya nuna kuma a ranar ce Romawa ke bikin Rana, wadda su ke yi wa kirari da marar kāsuwa. Babban bikinsu na Saturnus kuwa ya kan fara ran 17 ga Disamba. Waɗansu masana sun ce ekklesiya ta zaɓi ranar domin ta janye mutane daga waɗannan bukukuwa. Waɗansu sun ce lissafi aka yi, wata tara daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka an yi cikinsa. Ekklesiyar Armeniya tana yin nata idi ran 6 ga Janairu. A Ingila kuwa majalisa ta taɓa hana Kirsimati a shekara ta 1647, da nufin tsarkake sujada.

Romawa 14:5-6 ya ba mu ma'auni. Wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ganin kwanaki duka ɗaya ne, kowa ya tabbata a zuciyarsa, ya yi domin Ubangiji. Rana ba ta gunki ba ce, gama Allah ne ya yi kwanaki duka. Wanda ya kiyaye Kirsimati kada ya rena wanda bai kiyaye ba, wanda bai kiyaye ba kada ya hukunta mai kiyayewa.

Amma akwai abin tsoro a nan, shi ne zunubin Haruna. A shekara ta 395, a birnin Hippo cikin ƙasar Aljeriya ta yau, masu bi sun saba yin wani biki a cikin ɗakin sujada da ci da buguwa. Agustin ya tsaya ya yi musu wa'azi a kan ɗan maraƙi na zinariya har suka yi kuka. Ya bayyana musu cewa shugabannin dā sun ƙyale wannan ne domin sauƙaƙa wa sababbin tuba, amma lokaci ya yi da za a bari. Mu fa? Idan ranar Kirsimati mun cika ɗakin sujada da safe, da yamma kuwa muna kwance a gidan giya, idan mun ci bashin da ba za mu iya biya ba domin a ga tufafinmu, idan maƙwabcinmu gwauruwa ta kwana da yunwa muna ta yanka, to, sunan na Ubangiji ne, amma maraƙi yana tsakiya. Kolosiyawa 3:5 ta lissafta kwaɗayi cikin bautar gumaka. Mai bi da ya ƙi zakaran ubansa, yana kuwa da laya ɗaure a ƙugu ko ƙarƙashin matashi, bai rabu da tsafi ba tukuna.

7. A garuruwanmu

Bukukuwan ƙasarmu ba iri ɗaya ba ne, da yawa kuma sun sake kama. Akwai waɗanda a yau a ke yinsu a fili domin haɗa kan kabila da nuna al'adunta, kamar Afan da a ke yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, da Nzem Berom a Jos. Akwai kuma waɗanda har yanzu zuciyarsu yanka ne a gindin itace ko a bakin kabari. Waɗansu suna da fuska biyu, ta rana a dandali, ta dare a kurmi. Ba za mu zauna a nan mu yanke wa kowane biki hukunci da sunansa ba, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Dattawan kowace ekklesiya su zauna da Littafi a buɗe, su auna da tambaya uku.

Ta fari, wa a ke kira? Idan ana roƙon ruwa, ko haihuwa, ko tsari daga wurin kakanni ko iskoki ko dodo, wannan sujada ce, ko da an ce da ita al'ada.

Ta biyu, me hannuna zai yi? Ba da zakara ko akuya ko hatsin giyar tsafi, riƙe ƙwarya, sa kayan dodo, cin naman a wurin yanka, duka sa hannu ne cikin akushin. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Amma harshenmu, da tufafin kabilarmu, da gaisuwar sarki, da gyaran hanya da rijiya, da ciyad da baƙi, da sanin sunayen kakanninmu da labarinsu, waɗannan ba mu zubar da su ran da muka karɓi baftisma ba.

Ta uku, wa ke kallona? Abin da ba zai cuce ni ba yana iya kā da sabon mai bi, ko ya koya wa 'ya'yana cewa Yesu na Lahadi ne kaɗai.

To, saurayin nan namu fa? Doka ta ce ya girmama ubansa, bai kuwa kamata ya fake da addini ya guje wa nauyin gida ba, gama Ubangiji ya tsauta wa masu yin haka (Markus 7:9-13). Kada ya jira sai ranar biki ya kunyata tsohon a gaban jama'a. Ya je tun da wuri, shi kaɗai, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi mini gafara. Kai ka haife ni, ba ni da wani uba a duniya sai kai. Gonarka zan nome ta, rufin ɗakinka zan gyara, baƙinka ni zan ɗauki nauyin tuwonsu. Amma ƙwaryar nan ba zan iya riƙewa ba, gama na ba da kaina ga Yesu Kristi. In na yi maka biyayya a wannan, na zama maƙaryaci a gabansa da gabanka." Wataƙila uban ya yi fushi. Amma idan ya ga ɗan nan ya fi sauran 'ya'yansa kula da shi shekara da shekaru, wannan wa'azi ne da ba ya bukatar mai fassara. Kada kuma mu kira iyayenmu da sunayen reni. Mu ma a can muka fito, alheri ne ya fisshe mu.

8. Nauyin ekklesiya

Abin da ke komar da mutane wurin tsafi, yawanci ba sha'awar nama ba ne, tsoro ne. Yaro ya yi zazzaɓi, ko ƙwari sun ci gona, sai a ce kakanni sun yi fushi. Ba mu yi wa kowa alkawari cewa mai bi ba zai yi ciwo ba. Abin da muka sani shi ne Kristi ya tuɓe wa ikoki makamansu a kan gicciye (Kolosiyawa 2:15), babu kuma mai iko, ko rai ko mutuwa, da zai raba mu da ƙaunar Allah (Romawa 8:38-39). Idan yaro ya kwanta, mu yi addu'a, mu kai shi asibiti, mu zauna tare da iyayensa har gari ya waye.

Kada mu ce wa ɗan'uwa ya fito daga biki sa'an nan mu bar shi shi kaɗai a ɗaki yana jin kiɗa daga nesa. Idan dangi sun ƙi zuwa gayyarsa, mu ɗauki fartanyarmu mu je. Idan an ƙwace masa gona, mai fili ya yanka masa. Idan an kore shi, a sami ɗaki. Mu kuma yi namu bikin godiya na kaka da gaske, mu kawo nunan fari a gaban Allah kamar yadda Kubawar Shari'a 26 ta nuna, mu dafa da yawa, mu raira da harshenmu, mu gayyaci dangi duka har da uban saurayin nan, mu ba shi wurin zama na girma. Wanda ya fāɗi bara kuwa, ya zo da tuba, kada a rufe masa ƙofa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka kuwa mai da shi.

Tambayoyi domin taro

1. Me ya sa Allah ya yi fushi da idin Haruna, ko da ya ke da sunan Ubangiji aka yi shelarsa?
2. Ku faɗi wurare uku da Bulus ya duba nama a ciki. Me ya ce game da kowanne?
3. Cikin bikin garinku, wane abu ne sujada, wane ne kuma zumunta kawai? Yaya kuka rarrabe?
4. Akwai bambanci tsakanin zuwa wurin yanka da aika kuɗin dabbar?
5. Me ya kamata mu gyara cikin yadda mu ke yin Kirsimati?
6. Wane ne a cikinmu bikin bana zai matsa wa? Me za mu yi masa cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu, kai ne mai ba da ruwa da amfanin gona, gare ka kaɗai mu ke kawo godiya. Ka gafarta mana inda muka kira sunanka da baki zuciyarmu tana wani wuri. Ka ƙarfafa 'yan'uwanmu da za su tsaya gaban iyayensu a kakar nan, ka ba su gaskiya tare da ladabi. Ka kawar mana da tsoro, ka jawo danginmu zuwa gare ka, domin mu ci tare da su a mulkinka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.